Dogaran Tafkin Baba

Tun da na dawo daga Lagdo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa kafaɗata: "Habu Rediyo, yaya Kamaru? Ina karfasar da ka ce sai mutum biyu ke ɗauka?" A ƙofar masallaci haka, a layinmu na 'yan banda haka. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa da irin ƙaryar da na ƙara masa. To ga shi a rubuce, sau ɗaya. Wanda ya san ni ya san in na ga ƙadangare nakan kira shi kada. Wannan karon zan yi ƙoƙari in bar ƙadangare a matsayinsa, domin abin da na yi ko ba a ƙara masa gishiri ba ya isa abin kunya.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni daga gida.

Mahaifinmu, Malam Isa, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tafki a fadama, ta wajen hanyar Kirikasamma. Mu biyu ne maza. Yaya Garba ya gaji su, ni na gaji baki. Shi yake kamo kifi, ni nake yin bandarsa in kai kasuwar Haɗeja. Da can duk damina kogi kan cika ya haɗe da tafkin, kifi ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Yanzu ciyawar kacala ta toshe mashigar ruwan ƙam. Abin da ke ciki shi ke ciki.

Baba yana da wata al'ada. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, aka ja koma ranar su, duk tufin da aka kama ba a taɓa shi. Tufi, ga wanda bai sani ba, kifi ne dogo mai kai irin na maciji, kuma ba ya cin komai sai 'yan uwansa kifaye. Baba kan tara su a babban masaki da ruwa. In an gama su, sai ya mayar da su tafki da hannunsa, yana cewa, "To dogarai, a koma bakin aiki." Bayan rasuwarsa Yaya ya ci gaba da yi, har da maganar.

Bazara uku da suka wuce, ranar su, bakin tafki cike da mutane, har da limaminmu da surukan Yaya, na saci tufi ɗaya daga masakin na farke cikinsa. 'Ya'yan karfasa uku na samu a ciki. Na ɗaga su sama.

"Jama'a, ku zo ku ga ɓarawon da muke yi wa hidima! Mu yi kiwo, shi ya ci, sannan mu raka shi gida da sallama!"

Aka yi dariya. Ni kuwa in na ji dariya, kamar an zuba wa wuta kananzir ne. Na juya wajen wana.

"Yaya, wannan camfi ne tsagwaronsa. Mutum yana salla biyar yana hira da kifi? Wa ya sani ko wani alkawari Baba ya ƙulla da mutanen ruwa, mu muna ta cika masa?"

Dariyar ta ragu, amma ban lura ba. Yaya ya dubi masakin. Sannan ya ce, "Ɗauki." Ya wanke hannunsa ya kama hanyar gida. Ranar na yi farfesun tufi har maƙwabtan maƙwabta suka sha. Da shekara ta zagayo na sa aka ja koma sau uku don kada ko ɗaya ya tsira.

Karfasa kuwa ta yi yawa, ban yi ƙarya ba a nan. In ka jefa tsakuwa a tafkin, a kan kifi za ta sauka. Sai dai babbar cikinsu ba ta fi yatsu uku ba. In na yi bandarsu sai ƙaya da ido. Wata mata a kasuwa ta ɗaga ɗaya ta tambaye ni ko fara nake sayarwa. Yaya ya naɗe komarsa ya rataye a zaure. Bai yi faɗa da ni ba, yana amsa gaisuwata. Amma mu da muka shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya, sai aka koma kai masa nasa ɗaki. Wannan shi ya fi ci mini rai, ko da yake ban gaya wa kowa ba.

Mai hankali da ya zauna ya yi tunani. Ni sai na ce iri ne ya lalace. Wani falke mai kawo banda daga Kamaru ya ba ni labarin madatsar ruwa ta Lagdo, ya ce karfasar can kamar faifai. Ya kuma ba ni sunan wani tsoho mutumin garinmu, Kawu Bukar, da ya koma can tun yana saurayi. Kafin magariba na shelanta wa majalisa cewa zan je in kawo irin da zai gyara tafkin Baba, kowa ya shaida. Na sayi jarkoki biyu rawaya, manya. Da na gaya wa Yaya, cewa kawai ya yi, "Allah ya kiyaye hanya."

Jarkokin nan sun wahalar da ni fiye da 'ya'yana. Daga Haɗeja zuwa Azare an ɗaure su a saman mota, iska tana kaɗa su kamar ana kiɗan biki, har direba ya tsaya ya duba ko taya ce. A Gombe kwandasta ya ce ba wurinsu, sai na rungume su a cinya kamar mai jegon tagwaye. Haka na tafi har Yola, ban ga hanya ba sai ta tsakaninsu. A gadar Numan na leƙo na ga Binuwai, na ce wa ta kusa da ni, wata dattijuwa mai kwandon doya, ai kogin garinmu ya ninka wannan.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, ko dai da rigarka kake auna shi?"

Na koma bayan jarkokina.

Na kwana a barandar masallacin tasha a Yola. Da safe muka nufi iyaka, rabin hanya a mota, rabi a babur. Akwai wani kogi da sai an haye shi a kwalekwale. Mai tuƙin ya tambaye ni sana'ata, na ce ni kusan sarkin ruwa ne a garinmu. Muna kaiwa tsakiya jirgin ya ɗan karkata. Ban san lokacin da na yi tsalle ba.

"To Sarki," in ji shi, "a sakar mini wuya in yi tuƙi."

A ɗaya gefen wani jandarma, wato ɗan sandan Kamaru, ya tare ni. Ya buɗe jarkokin ya shinshina, yana neman warin fetur. Da bai ji ba ya tambayi abin da zan zuba a ciki. Wani ɗan kasuwa ya yi mana tafinta. Na bayyana masa komai, har na buɗe hannuwa na gwada masa girman karfasar da zan kawo. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce in sani, kifi mai rai ba ya ƙetare iyaka sai da takardar likitan dabbobi. Na ce Allah ya kai mu. A raina kuwa na riga na fara shirya ƙaryar da zan yi masa a dawowa.

Garwa, babban garin da na fara sauka a Kamaru, gari ne mai zafi irin namu, amma komai nasu daban. Kowa Fulatanci yake yi, har wanda bai taɓa riƙe sandar kiwo ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa da tauri. Na mayar wa mai shayi, na ce a ba ni na yau, ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta. Kifi kuwa ba sa yanka shi gunduwa-gunduwa su soya kamar mu. Gasa shi suke yi ɗungurungum a kan gawayi, a shafe shi da yaji, a ajiye maka yana kallonka. Na ci, na yi santi, na ce wa mai gashin namu ya fi daɗi. Har yau ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Daga Garwa zuwa Lagdo ba nisa sosai. Da muka hau wani tudu na hango ruwan, sai na yi salati. Ruwa ne kwance tsakanin duwatsu, ba ka ganin ɗaya gaɓar. Can ciki ga kawunan matattun itatuwa sun leƙo, na dajin da ruwa ya cinye da aka datse kogin. A bakin ruwan akwai zangon masunta, kuma ban taɓa ganin taron ƙabilu irin wannan ba: dogayen mutanen Musgum, Kotoko, mutanen Mali, ga kuma namu. Na tambayi gidan Bukar Bahaɗeje, aka nuna mini wata rumfa da hayaƙin banda ke tashi.

Tsoho ne siriri, gemunsa fari fat, yana gyaran raga da yatsun ƙafa da na hannu. Hausarsa ta Haɗeja ce tsaf, kamar jiya ya baro. Ya tambaye ni ɗan wane ne. Na faɗa. Ya ajiye ragar.

"Isa? Isa mai dogarai?"

Na ce shi ne.

"Ni da ubanka mun ja koma ɗaya, ɗana. Allahu akbar. Ya rasu ko? Allah ya jiƙan Isa." Ya share ido da bakin riga. "Har yanzu ana mayar da su?"

Na ce, "Ana lallaɓawa, Kawu."

Ya ba ni ɗakin zana da tabarma sabuwa. Matarsa, Dada Asta, Bafulatanar Garwa ce, ƙaƙƙarfa, wuƙarta ba ta barin hannunta. Ita ke gyaran kifi ta yi banda. Ta kawo mini tuwon masara da miyar yakuwa mai tsamin da ya sa kunnuwana suka motsa, ga gunduwar giwan ruwa a ciki kamar tsokar rago. A can mata ne ke tare jirage a bakin ruwa, su ke ciniki, su ke da murya. Namiji ya kamo, ya miƙa, ya yi shiru. Na ce wa Kawu in aka kawo wannan tsari Haɗeja ni na mutu. Wani abin da ya ba ni mamaki, ya ce in damina ta yi nisa ana rufe ruwan gaba ɗaya na wasu watanni, ba mai jefa raga, don kifi ya hayayyafa. Na ce kifi ma har da hutun jego? Ya ce, "Kai da ka ƙi ba shi, me ka samu?" Na ɗauka wasa yake. Na yi dariya ni kaɗai.

Washegari da sassafe ya ɗauke ni a jirginsa. Na ga karfasar da aka ba ni labari. Ba ta kai faifai ba, falken nan ma ɗan uwana ne a ƙari, amma wadda Kawu ya ciro ta rufe tafukan hannuna biyu. Na shafa ta kamar amarya. Na riga na ga kaina ina sauka a tashar Haɗeja ana tafi.

Muka matsa wajen matattun itatuwan. Na hango wani baƙin dutse sumul a ruwa, na ce mu je can in ɗan miƙe ƙafa. Dutsen ya buɗe baki. Jama'a, na ce zan bar ƙari, amma na rantse da an shimfiɗa tabarma a bakin nan da mutum uku sun yi salla. Dorina ce. Na kwanta a cikin jirgi ina karanto duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace ba. Da muka yi nisa na tashi na fara tsine mata.

"Kul," in ji Kawu. "Ita ke tuƙa wa tafkin nan tuwo."

Ya debo ruwa a tafin hannu ya nuna mini. Ruwan yana da ɗan kore-kore.

"Ka ga wannan? Shi karfasa ke ci. Kashin dorina, da na shanun da ke shan ruwa a gaɓa, da ganyen da ya ruɓe, su ke haifar da shi. Kowane kifi da aikinsa: ƙwari su faɗo, kawara ta tsince. Abin da ya nitse ƙasa, kurungu ya bi ya share. Tsage ya kori kawara. Giwan ruwa ta laɓe a gindin itatuwan can, ta haɗiye ƙananan karfasa. Mu kuma mu zo mu ci kowa."

"Mu wa ke cin mu?"

"Sauro."

Da a nan na yi shiru na yi tunani, da na tsira da sauran mutuncina. Amma ni Rediyo ne, ba a yi mini makunni ba.

Muka dawo gaɓa da hantsi. Dada Asta tana zaune da mata biyar suna gyaran kifi, ga masunta suna shan inuwa. Ta farke cikin wata giwan ruwa, sai ga 'ya'yan karfasa sun zubo, wasu ko narkewa ba su yi ba. Bakina ya riga hankalina.

"Ɓarauniya! Ai irin waɗannan na gama da su a tafkinmu!"

Wani ya ɗan murmusa. Shi ke nan, na samu masu sauraro. Na miƙe tsaye na ba da labarin duka, da kwaikwayon murya, da yadda na ɗaga 'ya'yan karfasa sama, da farfesun, da maganar da na gaya wa Yaya a gaban liman, har da ta mutanen ruwa. Na manta sarai jiya na ce ana lallaɓawa. Na kai ƙarshe na tsaya ina jiran dariya.

Ba a yi ba. Sai kukan tsuntsaye a kan hanjin kifi.

Dada Asta ta faɗi wata magana da Fulatanci. Na nemi Kawu ya fassara, ya ƙi. Sai ita ta juyo da Hausa.

"Wan naka yana da rai?"

"Yana nan lafiya, Dada."

"Kuma ya bar ka kana kwana a gidan?" Ta ci gaba da aikinta. "Mutumin kirki ne."

Kawu ya jira har muka yi azahar. Sannan ya ɗauki birgi, ragar nan ta jefawa, ya ce in biyo shi, in taho da jarka ɗaya. Na yi murna, na ɗauka iri za mu ɗebo. Muka yi tafiya a ƙasa cikin rana har bayan wani tudu. Akwai wani kududdufi babba a can. Ya ce a da hannun babban tafkin ne, yashi ya raba su shekarun baya, mutanen zango suka kwashe manyan kifayen ciki tas. Ya jefa birgi sau ɗaya. Da ya jawo, ragar tana ta walƙiya da kifi.

Na san su. Kamar daga tafkin Baba aka kwaso su. Yatsu uku, manyan idanu, ba tsoka.

Ya ɗauki ɗaya ya matsa kumatunta da babban yatsa. Bakinta cike da ƙwai, don a baki karfasa ke renonsu.

"Uwa ce wannan," ya ce. "Dube ta. Ita da wadda ka shafa da safe iri ɗaya ne, kaka ɗaya. Ga irin da ka zo nema. Buɗe jarkarka in zuba maka."

Ban buɗe ba.

"Karfasa ba ta san ta daina haihuwa ba, ɗana. In ba mai rage 'ya'yan, bakuna dubu za su taru a kan tuwo ɗaya, ba wanda zai ƙoshi, ba wanda zai girma. Sai su fara haihuwa tun suna haka. Tufi yana cin na ci, waɗanda suka rage su samu abinci su zama kifi. Ka cika jarkokinka da manyan can ka kai Haɗeja, jikokinsu haka za su koma." Ya juye ragar cikin ruwa. "Babban tafkin ma ba kamar da ba ne. Masu raga mai ƙananan ido sun yi yawa, manyan suna ƙarewa. Abin da ka yi da gangan a bazara biyu, mu muna yinsa a hankali."

Na ce, da murya ƙasa-ƙasa, "To Kawu, me ya sa Baba bai faɗi dalili ba? Me ya sa yake musu magana?"

Ya zauna a kan yashi. "Muna samari aka yi shekarar da kogi bai cika ba. Mutanen wani tafki kusa da naku suka cinye tufinsu saboda yunwa. Muka ga abin da ya biyo baya. Isa ne ya lura, shi yake da ido. Maganar kuwa," ya dube ni, "ubanka ɗan barkwanci ne. A ruwa ba a gajiya in yana nan. Ku kun san shi da furfura, ya zama malam, ya rage. Ranar da ya fara cewa dogarai a koma bakin aiki, har da sara musu ya yi kamar soja, muka yi dariya har na sha ruwa. Wasa yake yi. Kai da ka gaji bakinsa, ba ka gane wasa ba?"

Na sha jin kunya a rayuwata. An taɓa kama ni da ƙarya a gaban surukaina. Amma ban taɓa jin abin da na ji a bakin kududdufin nan ba. Mutumin da ya lura da abin da ba wanda ya lura, ya ciyar da mu da shi shekara da shekaru, na tsaya a gaban liman na jingina masa mutanen ruwa, don a yi mini dariya.

Kwana biyu na ƙara a Lagdo, kuma mutanen zango za su shaida ba su ji muryata ba. Kawu ya ce abin yi ba wuya: a kwashe ƙananan nan da yawa, a mayar da tufi, a yi haƙuri kamar shekara biyu. Ya ce tufi kuwa ba sai na ɗauka daga nan ba, yana nan a fadamar bayan gidanmu. Da zan tafi Dada Asta ta ƙulle mini bandar giwan ruwa a takarda.

"Ba taka ba ce," ta ce. "Ta wanka ce. In ka ci a hanya Allah yana gani."

A iyaka jandarman nan ne dai. Ya gane ni tun daga nesa. Ya ƙwanƙwasa jarka ɗaya, ta amsa. Ya ƙwanƙwasa ɗayar, ta amsa. Ya buɗe hannuwa yadda na gwada masa a zuwa, ya ɗaga gira. Na sunkuyar da kai. Ya matsa mini hanya, Allah ya saka masa.

Ban sauka a tashar Haɗeja ba, na san ana jira na. Na sauka tun kafin gari na bi ta gonakin shinkafa zuwa wajen wani masunci da na sani a fadama. Na ce tufi nake so, masu rai. Ya dubi jarkokin, ya dube ni.

"Habu, ba kai ne aka ce ka tafi Kamaru ba?"

"Ni ne."

"Neman wannan?"

"Zuba mini, don Allah."

Muka yanke kawunan jarkokin, muka zuba ruwa, muka sa tufi. Kwana takwas ina yawo da su ƙasa biyu, sai a nan, tafiyar rabin sa'a daga gidanmu, suka yi amfani.

Bayan la'asar Yaya yakan zauna a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, da liman da sauran dattawa. Yawancin waɗanda suka ji maganata ranar su suna wurin. Na sauke jarkokin a gabansu. Wani ya fara, "A'a, ga iri ya iso!" Ya leƙa, ya koma ya zauna. Na cire hula na durƙusa a gaban wana. Na faɗi komai, tun daga kore-koren ruwa har uwar da ke da ƙwai a baki. Na ce a gaban mutane na yi wa Baba ƙazafi, na kunyata Yaya, a gabansu nake neman gafara. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ban kwaikwayi muryar kowa ba.

Yaya bai dube ni ba. Tufin yake kallo.

"Bukar yana da rai ashe," ya ce. Can kuma, "Shi ya ce maka wasa Baba yake yi?"

"Shi ya faɗa, Yaya. Ya ce har sara musu yake yi."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suka yi rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

"Ban taɓa tambayarsa dalili ba," ya ce. "Na ga yana yi, na yi. Ranar da ka faɗi maganar nan na nemi amsa a kaina ban samu ba. Na ce ko Habu ya yi gaskiya? Shekara uku, Habu, kowace salla, ina roƙa wa Baba gafarar abin da bai yi ba."

Ni na ɗauka fushi yake da ni saboda kifi. Ban san abin da na ɗora masa ba ke nan. Liman ya yi gyaran murya ya ce a yi wa Malam Isa addu'a. Aka shafa.

Yaya ya miƙe ya ɗauki jarka ɗaya, ya nuna mini ɗayar. Muka tafi tafki, dattawan suna biye. A bakin ruwa ya naɗe wandonsa ya shiga, na bi shi. Ya miƙo mini tufin farko, yana ta mutsu-mutsu a hannuna.

"Faɗi."

"Me zan faɗa, Yaya?"

"Ka sani."

Ni da ake rufe tagogi in na fara magana, na buɗe baki ba abin da ya fito. Sannan na ce, da wata murya kamar ta ɗan tsako, "To dogarai, a koma bakin aiki."

"Ba su ji ba," in ji Yaya. "Kuma ba ka sara ba."

Na maimaita da ƙarfi, na ƙame, na sara wa kifi a gaban liman. Ranar an yi dariyar da ban taɓa samun irinta ba, kuma ba ni na nema ba.

Ko tafkin zai gyaru, ban sani ba tukuna. An ce shekara biyu, ni kuma na daina yin alkawari. Komar dai ta sauko daga zaure, muna ta kwashe ƙananan. Bandar Dada Asta na miƙa ta cif, ban taɓa ko ɓawonta ba, Yaya ya raba wa matan gida.

Washegarin ranar da muka saki tufin, da rana, ina zaune a zaure aka shigo da kwano. Ɗaya. Yaya ya zauna, ya wanke hannu, ya buɗe. Tuwon shinkafa ne, miyar cike da 'yan karfasar nan, ido da ƙaya, ido da ƙaya. Ya juyo da gefen da suka fi yawa wajena.

"Har su girma wannan za mu ci," ya ce. "Bisimilla. Kai za ka fara."

Ƙaya ta maƙale mini a wuya tun lomar farko. Ban yi tari ba. Na kai ta biyu.